Ƙyasbi

Ƙyasbi, wanda a wasu wurare ake furtawa ƙyasfi ko ƙyazbi, cuta ce ta saman fata da ke fitar da tabo-tabo masu launi daban da na sauran jiki, galibi a ƙirji, gadon baya, kafaɗu, wuya da damatsa. Wata ƙwayar fungas mai suna Malassezia ce ke haddasa shi. Ƙwayar tana zaune a fatar kusan kowane baligi ba tare da ta yi masa komai ba, sai zafi da gumi da maiƙo sun haɗu ta hayayyafa fiye da ƙima. Likitoci na kiran cutar pityriasis versicolor ko tinea versicolor. Tana daga cikin cututtukan fata da aka fi gani a ƙasashe masu zafi, har da arewacin Najeriya da kudancin Nijar.

Ƙyasbi ba ya kisa, ba ya cin nama, ba ya shiga jini, kuma maganinsa ba shi da tsada. Wahalar da ake sha a kansa takan zo ne ta hanya biyu: ci gaba da shafe-shafe saboda tabon bai ɓace ba alhali ƙwayar ta mutu, da kuma ɗaukar kowane farin tabo a matsayin ƙyasbi, har da wanda farkon kuturta ne.

Suna

Kalmar pityriasis ta fito daga kalmar Girkanci da ke nufin dusa, saboda ɗan garin da ke tashi idan aka kankare tabon. Versicolor kuwa Latin ne, ma'anarsa mai sauya launi. A Turancin da ake yi a Najeriya mutane kan kira ƙyasbi eczema, amma a wurin likitoci wannan suna na wata cuta ce daban, mai ƙaiƙayi da kumburin fata, wadda fungas ba shi da hannu a cikinta. Wannan ruɗanin suna yana da illa a kemis, domin maganin waccan cutar yana ƙara wa ƙyasbi ƙarfi.

Sunan tinea ma ba daidai yake ba sosai. Asalinsa na dangin makero ne, kuma ƙwayoyin da ke kawo makero dabam suke da Malassezia.

Ƙwayar da ke kawo shi

Malassezia dangin yis ce. Ba ta iya sarrafa kitsen da take buƙata da kanta, don haka ta dogara da maiƙon da fatar mutum ke fitarwa. Shi ya sa ta fi yawa a inda maiƙo ya fi yawa, wato kai, fuska, ƙirji da baya, kuma shi ya sa ƙyasbi ya fi kama matasa daga lokacin balaga zuwa wajen shekara talatin, lokacin da jiki ya fi fitar da maiƙo. Tsofaffi ba su cika yin sa ba. Yara ƙanana a ƙasashe masu zafi sukan yi, kuma nasu ya fi fitowa a goshi da kumatu. Daga cikin ire-iren ƙwayar, Malassezia globosa ce aka fi samu a cikin tabon ƙyasbi, sai Malassezia sympodialis da Malassezia furfur. Dangin nan ne kuma ke da hannu a amosanin kai.

A lafiyayyar fata ƙwayar tana zama ne a dunƙule. Idan yanayi ya yi mata daɗi sai ta miƙe ta zama zare-zare, ta bazu cikin mataccen ɓawon da ke can saman fata. Iyakacinta ke nan, ba ta nutsawa ƙasa. Abubuwan da ke taimaka mata sun haɗa da zafi mai ɗauke da laima, yawan gumi, fata mai maiƙo, tufafin da ke riƙe gumi, shafa mai mai nauyi, juna biyu, rashin abinci mai gina jiki, ciwon suga, magungunan sitiroyid da duk abin da ke raunana garkuwar jiki. Akwai kuma gado: a gida ɗaya za a ga wasu 'yan'uwa na fama da shi duk shekara, wasu kuwa ko sau ɗaya ba su taɓa yi ba.

Tunda kowa na ɗauke da ƙwayar a jikinsa, likitoci ba sa lissafa ƙyasbi cikin cututtukan da ake ɗauka daga wani. Mata da miji kan shekara da shekaru a shimfiɗa ɗaya, ɗaya na da shi ɗaya ba shi da shi. Ware wa mai ƙyasbi tabarma ko kwano, ko tsokanar ɗalibi da cewa ƙazami ne, ba shi da tushe. Mai wanka sau uku a rana ma yana yin ƙyasbi.

Yadda yake bayyana

Yakan fara da ƙananan ɗigo-ɗigo masu zagaye, kamar girman ƙwayar wake ko ƙasa da haka, sau da yawa a gindin gashi. A hankali sai su faɗaɗa su haɗe, su zama babban tabo mai karkataccen baki kamar taswira, da 'yan ƙanana warwatse a gefensa. Tabon a shafe yake, ba ya tudu, ba ya ruwa, ba ya zafi. Wasu kan ji ɗan ƙaiƙayi idan sun yi gumi, da yawa kuma ba sa jin komai, sai dai wani ya gaya musu abin da ke bayansu.

A baƙar fata tabon ya fi zuwa da haske, kamar an barbaɗa toka, amma yana iya zuwa da duhu fiye da fatar, kuma mutum ɗaya na iya samun iri biyun. A farar fata yakan yi ja-ja ko ruwan ƙasa. Dalilin hasken shi ne ƙwayar na fitar da wasu sinadarai, ciki har da wanda ake kira azelayik asid, da ke rage aikin ƙwayoyin da ke samar wa fata launi. Wurin da ta zauna sai ya daina yin duhu ko da rana ta buge shi, sauran jiki kuwa na ƙara duhu, bambancin ya ƙara fitowa.

A yankin Gaya da Ajingi

Ana yawan ambaton cewa a wasu ƙasashe masu zafi da laima ƙyasbi kan kama kusan rabin jama'a, a ƙasa mai sanyi irin Suwidin kuwa bai wuce kashi 1 cikin 100 da ɗan ɗoriya ba. Gabashin jihar Kano yana da zafin, amma laimarsa ta lokaci ce, shi ya sa cutar ke tafiya da shekara. Daga Maris zuwa Mayu zafin bazara kan kai maki 40 a ma'aunin Selsiyas. Daga Yuni zuwa Satumba damina ta kawo laima, gumi ba ya saurin bushewa. A wannan tsakanin ne ƙwayar ta fi samun yadda take so.

Yawancin mutanen ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi manoma ne, kuma aikin gero, dawa, gyaɗa da wake ya faɗo daidai watannin laima. Mai noma da ya wuni da jiƙaƙƙiyar riga a jiki, da ɗan acaɓa mai rigar sanyi a cikin rana, da matashi mai rigar ƙwallo ta roba, da mace mai dogon hijabi na yadin da ba ya shan iska, duk sun haɗa abin da ƙwayar ke nema. Da hunturu ya shigo takan lafa, amma tabon da ta bari bai tafi ba, kuma bushewar fata kan sa ya ƙara fitowa fili. Nan ne mutane ke ƙara yawan mai. Man gyaɗa, man ja, man alayyadi da man kaɗe kitse ne irin wanda ƙwayar ke iya ci. Basilin ba abincinta ba ne, sai dai idan aka lafta shi yana rufe fata ya riƙe gumi. Mai yawan yin ƙyasbi zai iya shafa mai a ƙafa da hannu inda fata ke tsagewa, ya rage a ƙirji da baya.

Ganewa

Ma'aikacin lafiya da ya saba yakan gane ƙyasbi da ido. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ja fatar wurin da yatsu biyu, ko a ɗan kankare ta da farce: idan ƙwayar na da rai, wani lallausan gari kamar dusa zai tashi. A asibiti akan kankaro garin, a ɗiga masa sinadarin fotasiyam haidiroksaid, a duba a madubin likita. Abin da ake gani shi ne gajerun zare haɗe da dunƙulallun ƙwayoyi, wanda littattafan likitanci ke kwatantawa da taliya da curin nama. Akwai kuma fitilar Wood, wadda idan aka haska a ɗaki mai duhu tabon kan yi ƙyallin ruwan ɗorawa, amma a kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar kawai ake ganin hakan.

Cututtukan da ke kama da shi

Makero yana da baki mai tudu da ƙaiƙayi, tsakiyarsa na warkewa yana faɗaɗa ta gefe, kuma a kan yara yana cinye gashi. Bitiligo, wanda wasu ke kira albaras, fari ne fat kamar madara, ba shi da gari, ya fi son yatsu, leɓe da kewayen ido. Farin tabon da ke fitowa a kumatun yara lokacin hunturu sau da yawa bushewar fata ce, mai kawai yake so. Ƙuna, ƙuraje da ƙazuwa ma kan bar tabo mai haske bayan sun warke.

Wadda ta fi muhimmanci a bambance ita ce kuturta. Farkonta ba ya kama da abin da mutane suka sani na guntulewar yatsu. Takan fara da tabo ɗaya ko 'yan kaɗan, mai haske ko ja-ja kamar tagulla, ba ƙaiƙayi, ba zafi, kuma mai shi zai iya shekara yana shafa maganin ƙyasbi yayin da ƙwayar kuturta ke lalata masa jijiyoyi. Babbar alamar ita ce rashin ji. Ana sa mutum ya rufe ido, a taɓa lafiyayyar fata da silin auduga, sannan a taɓa tsakiyar tabon, ya nuna inda ya ji. Tabon ƙyasbi yana ji daidai da sauran jiki. Tabon kuturta jinsa ya ragu ko ya mutu, sau da yawa ba ya gumi, gashin wurin ya zube, kuma ba ya tashin gari. Idan aka haɗa da mutuwar yatsu, ko raunin hannu, ko ƙuna da mutum bai san lokacin da ya yi ta ba, to maganar ta wuce kemis.

Najeriya ta cika ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na rage kuturta zuwa ƙasa da mutum 1 cikin 10,000 a shekarar 1998, amma har yanzu ana samun sababbin masu cutar fiye da dubu a ƙasar duk shekara. Maganinta kyauta ne a ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta, wanda ke da jami'i a kowace ƙaramar hukuma. Ana shan sa wata 6 ko wata 12, gwargwadon nau'in cutar, kuma wanda aka kama tasa da wuri yana warkewa ba tare da nakasa ba. Mutumin Gaya ko Ajingi mai irin wannan tabo zai iya farawa da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko Babban Asibitin Gaya. A kusa da birnin Kano akwai asibitin Yadakunya da ke ƙaramar hukumar Ungogo, wanda aka fi sani da Asibitin Bela, da ya daɗe yana kula da kuturta da cututtukan fata. Akwai kuma likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Magani

Tunda ƙwayar a saman fata take, maganin shafawa ya ishi yawancin mutane. Idan tabon kaɗan ne, ana shafa man klotrimazol, mikonazol, ketokonazol ko terbinafin sau biyu a rana na mako 2 zuwa 4. Idan ya bazu, shamfu ya fi sauƙi kuma ya fi arha, domin ƙaramin bututun mai ba zai ishi gadon baya ba. Shamfun ketokonazol mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 ana shafa shi a jiƙaƙƙiyar fata, a bar kumfar minti 5 zuwa 10, a wanke, kullum na kwana 3 zuwa 5. Seleniyam salfaid mai ƙarfin kashi 2.5 ana barin sa minti 10 kullum na mako guda. Yana da wari, yana iya sa raɗaɗi, kuma ba a sa shi a kan rauni ko al'aura. Kowanne aka zaɓa, a shafe daga wuya har ƙugu da damatsa, a wanke kai da shi, saboda ƙwayar na nan a wuraren da tabo bai riga ya fito ba. Bayan mutum sai ya sami mai taimaka masa. Tsofaffin magunguna irin man Whitfield da sabulu ko man farar wuta suna aiki, sai dai sun fi ɗaukar lokaci.

Maganin sha na wanda cutar ta mamaye masa jiki ne, ko wanda shafawa ta gaza, kuma likita ne ke rubuta shi. Wanda aka saba bayarwa ga baligi shi ne flukonazol miligiram 300 sau ɗaya a mako na mako 2, ko itrakonazol miligiram 200 kullum na kwana 5 zuwa 7. Ba a ba mai juna biyu, ana taka-tsantsan da mai ciwon hanta ko na zuciya, kuma suna karo da wasu magunguna. Rifamfisin da masu tarin fuka ke sha, alal misali, yana rage musu ƙarfi. Ƙwayar ketokonazol ta sha, wadda a da ake bayarwa, an daina amfani da ita don cutar fata: a 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar dakatar da ita, ta Amurka kuma ta taƙaita amfani da ita, saboda tana lalata hanta. Wannan bai shafi shamfu da man shafawar ba.

Griseofulbin, maganin makeron kai da ake yawan samu a kemis, ba ya kashe Malassezia. Terbinafin na sha ma ba ya aiki a kan ƙyasbi, ko da yake na shafawa yana yi. Kafso da allurar kashe bakteriya ba su da abin da za su yi masa, haka ma maganin wankin ciki da ake sha da sunan fitar da dattin jini.

A gargajiyance ana murza ganyen goga-masu a goga a wurin. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna ganyen na da sinadaran da ke hana wasu ƙwayoyin fungas girma, amma ruwansa na iya ƙona fata, kuma ba shi da ma'auni. Kankarewa da reza, ɗaura dakakkiyar tafarnuwa, shafa man birki ko ruwan batir kuwa sukan bar tabon ƙuna na dindindin a madadin tabon da da zai tafi da kansa.

Tabo bayan magani

Magani na kashe ƙwayar cikin kwanaki ko 'yan makonni, amma launin fata ba ya dawowa sai ƙwayoyin launi sun farfaɗo, abin da kan ɗauki wata biyu, uku, wani lokaci fiye. A nan ne mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa maganin jabu ne, su sayi wani, su sake sayen wani. Abin dubawa shi ne gari: idan an ja fatar ko an kankare ta ba abin da ya tashi, kuma ba sabon tabo, ƙwayar ta mutu, saura jira. Shiga rana daidai gwargwado na taimaka wa launin ya daidaita. Amaryar da ke son wuyanta da ƙirjinta su koma daidai kafin biki tana buƙatar fara magani watanni kafin a sa rana ta matso, domin dilka da kurkum na satin biki ba sa mayar da launin da ƙyasbi ya ɗauke.

Wanda bai san haka ba shi ne ke faɗawa hannun man shafawa mai haɗi uku, wanda ya cika kemis-kemis da kasuwannin ƙauye. Irin wannan mai yana ɗauke da maganin fungas, da maganin bakteriya kamar neyomaisin ko jentamaisin, da sitiroyid mai ƙarfi kamar betametazon ko klobetazol. A makon farko yana burgewa: ƙaiƙayi ya tsaya, fatar kewaye ta yi haske, tabon ya saje. Amma sitiroyid na danne garkuwar fata, don haka da an daina cutar ke dawowa da faɗi. Wanda ya ɗauki watanni yana shafawa fatarsa kan yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a damatsa da cinya, ƙuraje su feso a fuska. A jikin jarirai da ƙananan yara maganin na ratsa fata ya shiga jini. Mayukan bilicin da yawa na ɗauke da irin wannan sitiroyid, shi ya sa ƙyasbi da makero ke yawan addabar masu shafa su. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana yawan amfani da mayukan bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Kafin a sayi man ƙyasbi yana da kyau a karanta jikin kwalin, a zaɓi mai sinadari ɗaya.

Dawowa

Ƙyasbi na dawowa, domin ba a raba fata da Malassezia, kuma jikin da ya ba ta dama bara shi ne dai bana. Alƙaluman da littattafan fata ke kawowa sun nuna kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka warke kan sake yi cikin shekara guda, kusan kashi 80 cikin shekara biyu. Wanda ya san yana yi duk shekara zai iya wanka da shamfun ketokonazol ko seleniyam salfaid sau ɗaya ko biyu a wata, daga farkon bazara har kaka. Sauya jiƙaƙƙiyar riga bayan aiki, sa tufafin auduga masu sakewa da tsane jiki sosai bayan wanka na ragewa. Ba a buƙatar ƙona tufafi ko zubar da su, wanki da shanya a rana sun isa. Baligin da ƙyasbi ya mamaye shi farat ɗaya, ko ya ƙi jin magani, ya kamata a gwada shi suga da cuta mai karya garkuwar jiki.

Tarihi

Likitan Jamus Carl Ferdinand Eichstedt ne ya fara ganin fungas a cikin garin ƙyasbi a 1846, abin da ya sa cutar ta shiga sahun farko na cututtukan ɗan'adam da aka danganta da wata ƙwayar halitta. A 1853 Charles Robin na Faransa ya sa wa ƙwayar suna Microsporon furfur, kuma furfur ma dusa ce a Latin. A 1874 Louis-Charles Malassez ya bayyana dunƙulallun ƙwayoyin da ya gani a amosanin kai, sannan a 1889 Henri Baillon ya raɗa wa dangin suna Malassezia don girmama shi. An daɗe ana ɗaukar mai zare da dunƙulalliyar a matsayin halittu biyu daban, ana kiran ta biyun Pityrosporum, kafin a tabbatar siffa biyu ce ta abu ɗaya. A 1996 Eveline Guého, Gillian Midgley da Jacques Guillot suka sake tsara dangin zuwa iri bakwai, ciki har da Malassezia globosa, kuma an ci gaba da gano wasu a jikin mutane da dabbobi bayan haka.